Wayar kaske: abin da mai babur zai duba kafin ya saya a jahar Difa

Birnin Difa yana can gabashin ƙasar Nijar, kimanin kilomita 1,360 daga Yamai bisa hanyar ƙasa mai lamba 1. Kudu da shi kogin Kumadugu ne, wanda ya raba Nijar da Nijeriya tsawon kilomita kusan 150 kafin ya zuba cikin tafkin Cadi wajen Boso. A bakin wannan kogi ake noman tattasan da ya yi suna har kasuwannin Nijeriya. Ana noman shinkafa da albasa, ana kuma su. Gonakin suna warwatse daga Maine-Sorowa zuwa Shetimari, daga Geskeru zuwa Boso. Da mutum ya sauka daga kwalta, sai rairayi da rani, sai laka da damina. Shi ya sa tun da daɗewa babur ya zama abin hawan manomi da ɗan kasuwa, da malamin gona, da malamin dabbobi, da ma'aikacin rigakafi.

Yau an ƙago wata na'ura domin masu babur. Ƴar ƙarama ce, ta ɗan fi akwatin ashana girma. Ana maƙala ta jikin hular kwano, wadda jama'a ke kira kaske, don mahaya biyu ko fiye su yi magana da juna suna cikin tafiya. Ita ce wayar kaske. Tana da amfani, amma abu biyu suna gaba da ita: dokar ƙasa, da shi kansa kasken.

Doka ita ce farko

Ran 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Ran 10 ga watan gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar. Cikin matakan da aka ɗauka har da hana hawan babur, domin da shi maharan ke zuwa su gudu. Ƴan kabu-kabu suka rasa sana'a, haka ma masu gyara da masu sayar da kayan gyara. An kuma tsaida cinikin tattasai da na kifi, kafin a sake buɗe na tattasai a 2017, a ba da izinin su a 2019.

Tun daga lokacin, hawan babur a wannan jaha ya zama magana ta hukuma. Saboda haka kafin mutum ya kashe ko dala wajen sayen wayar kaske, sai ya fara zuwa wurin magajin gari ko jandarma, ya ji inda aka yarda a hau, da sa'o'in da aka yarda. Ya kuma nuna musu irin na'urar da yake son saye, domin a yankin da ake fama da matsalar tsaro, duk abin da ke aika magana ta iska yana iya jawo zargi. Hukumar ARCEP ita ke kula da kayan sadarwa a ƙasar nan. Ma'aikatar da za ta sayo wa ma'aikatanta da yawa, ya kamata ta nemi shawararta tukuna.

Kaske kafin waya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ta kuma ce kaske mai kyau, in an ɗaure shi daidai, yana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki 6, yana rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100. Ga mutumin bakin Kumadugu wannan lissafi yana da nauyi ƙwarai, domin daga gona zuwa babban asibitin Difa akwai tafiya, in kuma aka tura majiyyaci Damagaram, kilomita ne kusan 470.

Kasken kirki yana da shaida. A igiyar haɓa akwai ƴar takarda ɗinke, da harafin E da lamba cikin da'ira: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya. Wannan ya nuna an gwada shi bisa ƙa'idar ECE 22.05, ko sabuwar da ta gaje ta, watau 22.06. Hular magina ba kasken babur ba ce. Kasken da ya taɓa bugun ƙasa da ƙarfi ya gama aikinsa, ko da ba a ga tsaga ba.

Wanda kuɗinsa ya isa abu guda kawai, ya sayi kaske. In an sami ƙari, ya sayi na biyu domin wanda zai goya. Wayar ita ce ta uku.

Yadda take aiki

Ana maƙala akwatin a gefen hagu, domin hannun dama yana kan totur da birki. Ƴan lasifika biyu masu faɗi suna shiga cikin kasken daidai kunnuwa, abin magana kuma yana gaban baki. Muryar tana tafiya ta hanyar Bluetooth, dabarar da kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aikinta a 1994. Tsakanin kaske da kaske ba a bukatar rezo, ba a bukatar kuɗin kira. Sai in za a amsa kiran salula ne ake neman rezo. Wannan ita ce babbar fa'idarta a daji.

Na gaba yana gaya wa na baya akwai rami, ko rairayi mai zurfi, ko garken shanu. Na baya, in tayarsa ta fashe, yana faɗa nan take, ba a bar shi shi kaɗai ba. Mai tuƙi kuma ba ya waiwaye don ya ji abin da na bayansa ke cewa.

Iri biyu ne. Na farko kamar sarƙa yake: yana haɗa mutum 2 zuwa 4, wannan riƙe da wancan. In na tsakiya ya yi nisa, sarƙar ta tsinke. Na biyu kamar komar masunta yake, kowane ƙulli haɗe da saura. In mutum guda ya fita, sauran suna ci gaba da magana, in ya dawo ya shiga da kansa. Kamfanin Cardo ya fito da irin wannan a 2015, yana haɗa har mutum 15. Kamfanin Sena na Koriya ta Kudu ma yana yin nasa. Mai koma ya fi tsada. Mutum biyu masu tafiya tare, mai sarƙa ya ishe su. Ma'aikata mai ayari kuwa ta sayi na kamfani guda, domin sau da yawa komar wannan kamfani ba ta jin ta wancan.

Abu biyar na dubawa

Na ɗaya, nisa. A jikin kwali akan rubuta kilomita 1 ko 2. A fili fetal aka auna wannan. Cikin kurmin goruba na bakin kogi, ko bayan tudun rairayi, ko tsakanin katangun gari, nisan yana raguwa ƙwarai. Mai saye ya gwada kafin ya biya: abokinsa ya tsaya, shi ya yi ta tafiya yana magana har muryar ta yanke.

Na biyu, ƙura da ruwa. A nemi haruffan IP da lambobi biyu. Lambar farko ta ƙura ce, 6 ita ce ƙarshe: ƙura ba ta shiga. Ta biyu ta ruwa ce. IP67 yana nufin na'urar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. A ƙasar da hunturu ke tada ƙura wata da watanni, lambar farko ita ce abin lura.

Na uku, batir. Kamfanoni sukan rubuta awa 8 zuwa 13 na magana. A watannin Afrilu da Mayu zafin Difa yana wuce maki 40, batir kuwa ba ya son zafi, kuma ba a yi masa caji in ya wuce maki 45. Kada a bar kaske bisa babur cikin rana. A zaɓi wadda ake yi wa caji da irin igiyar salula, yadda allon hasken rana na ƙauye zai iya cika ta.

Na huɗu, maɓallai. Su zama manya, waɗanda yatsa zai gane ba tare da ido ya bar hanya ba. Akwai masu karɓar umurni da murya, amma Turanci da Faransanci da makamantansu suke ji, ba Hausa ko Barbarci ba. Bai kamata a ƙara kuɗi domin wannan ba.

Na biyar, dacewa da kasken. Kaske mai buɗaɗɗen gaba yana son abin magana mai ƴar sanda, mai rufe haɓa kuma yana son wanda ake mannawa ciki. Kada a huda kaske, kada a yanke farin soson da ke ciki don lasifika ta shiga, domin wannan soson shi ke shanye bugu. In lasifikar tana danna kunne, a nemi wata.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado. A karɓi takardar saye mai hatimin kanti, a riƙa tafiya da ita.

Ladabin amfani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau 4, kuma sakin wayar daga hannu bai rage haɗarin sosai ba, domin hankali ne ke rabuwa. Ƙasar Faransa ta hana tuƙi da abin sauraro cikin kunne tun ran 1 ga Yuli 2015, sai dai ta bar wanda ke jikin kaske. Saboda haka maganar kan hanya ta zama gajera, ta hanya kawai. Cinikin buhun tattasai da gaisuwar gida su jira a tsaya. A rage ƙarar, yadda kunne zai ji odar mota da usur na jandarma. In an iso shingen bincike, a tsaya nesa kaɗan, a kashe na'urar, a cire kaske, a nuna fuska da takardu.

Shugabannin ma'aikatu da na ƙungiyoyin manoma su ne ya kamata su fara ba da misali: izinin hukuma a aljihu, kaske a ka, igiya ɗaure a haɓa, sannan waya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara wa jahar Difa zaman lafiya.