Idan Na'ura Ta Yi Kisa, Wa Za A Tuhuma?



Ma'aikatan kamfanonin roba na Sharaɗa, da na fata a Challawa, da na masana'antun Bompai sun san abu guda: in inji ya datse wa mutum hannu, ba injin ake kai ƙara ba. Mai kamfani ake nema, kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin wanda ya jikkata. A fagen yaƙi, wannan ƙa'ida ce ke neman rushewa.

Daren 3 ga Disamba 2023, jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara. Allah Ya jiƙansu. Jirgin nan mutane ne ke sarrafa shi daga nesa, su suka duba, su suka ɗauki taron a matsayin 'yan bindiga. Shi ya sa aka samu wanda za a tambaya. Shugaban sojin ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen da ƙafarsa ya ba da haƙuri, daga baya kuma hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su gurfana a kotun soja. Wannan bai share hawayen iyaye ba, amma akwai wanda alhakin ya hau kansa.

To, yanzu ana ƙera makaman da su da kansu ke zaɓar wanda za su kashe. Rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce a Libiya an yi amfani da Kargu-2, ƙirar Turkiyya, wanda aka tsara ya kai hari ba sai ya jira umarni ba. In irin wannan makami ya yi kisa, wa zai ɗauki alhaki? Shari'ar Musulunci ko kisan kuskure ta ɗora masa diyya da kaffara. Na'ura kuwa ba ta azumi, ba ta da dangin da za su biya.

A Disamba 2023 ƙasashe 152 suka amince da ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar kan irin waɗannan makamai, kuma Sakatare Janar António Guterres ya nemi a haramta waɗanda ke kisa ba hannun mutum.

Jama'a, ku tambayi 'yan majalisar da kuka tura Abuja: wace doka suka tanada kafin sojojinmu su sayo irin waɗannan makamai?