Ƙwayar Ciwon Auduga: Halinta a Kwalba Daban, a Ganye Daban

Manoman Tungar Daji da sauran ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum sun san ciwon nan mai kama ganyen auduga in damina ta yi nisa. Da fari sai a ga ɗigo-ɗigo masu kusurwa, kamar an yayyafa mai. Daga baya su yi baƙi, ciwon ya gangara reshe, amfani ya ragu.

Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Masana suna kiwonta a ɗakin gwaji, cikin kwalba, su ba ta abinci isasshe. A nan ba ta da aiki sai ci da hayayyafa. To, amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kowace ƙwaya tana da umarnin da ta gada a jikinta, kamar kayan aikin manomi: ga garma, ga hauya, ga lauje, kowanne da lokacinsa. A 1986 masana a Amurka suka gano wani sashe na umarnin nan a jikin wata ƙwaya mai kama wake, daga baya aka same shi ga dangin ta auduga. Cikin kwalba mai yalwar abinci yana kwance. Sai ƙwayar ta bi ƙofofin numfashin ganye ta shiga, ta tarar da abinci kaɗan, sa'an nan ta tashe shi. Da shi take ƙera wata 'yar allura, ta soki naman ganyen, ta zuba abin da zai kashe masa ƙarfi.

Saboda haka abin da aka gani a kwalba bai isa shaida ba. Shi ya sa a Samaru ta Zariya, inda ake binciken aikin gona tun 1922, sai an gwada iri a gona tukuna.

To, jama'a, ƙwayar nan tana ɓuya cikin angurya da busassun karare, ruwan sama da iska su watsa ta. Ku shuka iri wanda aka wanke da magani. Kada ku ratsa gona ganye yana jiƙe. In an gama cirar auduga, ku tuge kararen ku ƙone.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.