Ɓarin tumaki da sa ido kan zazzaɓin Rift Valley

Tunkiya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 150, saniya kuwa wata tara da 'yan kwanaki. A tsawon wannan lokaci ɗan tayi ya dogara ne kacokan ga mabiyiya, wadda a tumaki da shanu take manne da mahaifa ta wasu ƙulle-ƙulle masu kama da maɓallai. Duk wanda ya taɓa duba mabiyiyar saniya bayan haihuwa ya san su. Ta nan abinci da iska suke ratsowa daga jinin uwa. Sai dai binciken likitocin dabbobi ya tabbatar da cewa sinadaran garkuwar jikin uwar ba sa iya tsallake wannan shinge, sai bayan haihuwa ɗan yake samun su a cikin dakashi. Don haka duk ƙwayar cutar da ta kutsa mabiyiya takan tarar da ɗan tayi ba shi da wata kariyar kirki.

Zazzaɓin Rift Valley na cikin cututtukan da suka fi cin gajiyar wannan rauni. An fara gano ƙwayarsa a Kenya a 1931, bayan mace-macen tumaki kusa da tafkin Naivasha. Sauro ne ke yaɗa shi, kuma ƙwan wani nau'in sauron yakan jure fari a busasshiyar ƙasa, ya ƙyanƙyashe idan ruwan sama ya cika fadamu. Da cutar ta shiga garke, kusan duk tunkiya mai ciki sai ta yi ɓari, ƙananan 'ya'yan tumaki kuma su riƙa mutuwa cikin 'yan kwanaki saboda lalacewar hanta.

Ɓarin dabbobi da yawa a lokaci guda yakan riga rashin lafiyar mutane bayyana, shi ya sa masana suke ɗaukar sa a matsayin gargaɗin farko. Mutane sun fi kamuwa ta taɓa jini, ko ɗan tayin da aka zubar, ko wajen yanka da fiɗa, wato makiyaya da mahauta ne a sahun gaba. Cutar ta ɓarke a Masar a 1977, ta tsallaka Saudiyya da Yaman a 2000. A 2016 ta bayyana a jihar Tahoua ta Nijar, musamman yankin Tchintabaraden, inda ta hallaka mutane da dabbobi, aka kuma tabbatar da ita a cibiyar Pasteur ta Dakar.

Yau ana amfani da tauraron ɗan adam wajen auna ruwan sama da yawan tsiron ciyawa, kuma da wannan dabara aka hango ɓarkewar da ta auku a Gabashin Afirka a ƙarshen 2006. Amma tauraro ba ya ganin ɓari a ruga. Rahoton makiyayi ga jami'in dabbobi, da saurin kai samfurin jini ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, su ne ginshiƙin aikin, kuma abin takaici nan ne aka fi samun jinkiri.

Rigakafi ma yana da lokacinsa. Allurar Smithburn, mai ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, tana iya jawo ɓari ko nakasar ɗan tayi idan aka yi wa tunkiya mai ciki, don haka ake so a yi ta kafin barbara, tun damina ba ta kankama ba.