Rikicin zaɓe a Kano da Amurka: Ƙuri'ar wa za a ƙidaya?

A ranar 3 ga watan Fabrairun 2024, masu zaɓe a wasu rumfuna na mazaɓar Kura da Garun Malam a jihar Kano sun sake fita domin zaɓen ɗan majalisar dokokin jiha.

Sun riga sun yi wannan zaɓe tun a watan Maris na 2023, to amma kotu ta soke sakamakon rumfunan, ta kuma ba da umarnin a sake. Ɗan takarar jam'iyyar NNPP ne ya yi nasara, kusan watanni 11 bayan zaɓen farko.

Irin wannan jeka-ka-dawo tsakanin rumfar zaɓe da zauren kotu ya zama jiki a siyasar Kano. Ita ma Amurka, wadda ake yawan kafa misali da dimokuraɗiyyarta, ta ɗanɗana shi a 2000 da kuma 2020.

A wuraren biyu, cibiyar taƙaddamar ɗaya ce: wace ƙuri'a ce halattacciya, kuma wa ke da hurumin yanke hukunci na ƙarshe a kanta?

Zaɓen da bai kammala ba

A zaɓen gwamna na ranar 9 ga watan Maris na 2019, Abba Kabir Yusuf na jam'iyyar PDP yana gaban gwamna mai ci a lokacin, Abdullahi Umar Ganduje na APC, da ƙuri'u 26,655.

Sai dai hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta ce zaɓen bai kammala ba. Ƙa'idarta ita ce, idan yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ya zarce ratar da ke tsakanin 'yan takara biyu na gaba, to wajibi ne a sake zaɓe a waɗannan rumfuna.

Mazaɓar Gama, a ƙaramar hukumar Nasarawa, ita ce ta fi jan hankali, saboda an yayyaga takardun sakamakonta a wurin tattara ƙuri'u.

Da aka sake zaɓe ranar 23 ga watan na Maris, Ganduje ya tashi da ƙuri'u 1,033,695, Abba kuma 1,024,713, wato ratar ƙuri'u 8,982 kacal. Masu sa ido na Tarayyar Turai sun ba da rahoton tashin hankali da razana masu zaɓe a wannan rana.

PDP ta garzaya kotu, amma a watan Janairun 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Ganduje kujerarsa.

Ƙuri'u 165,663

Bayan shekara 4 sai reshe ya juye da mujiya. A zaɓen ranar 18 ga watan Maris na 2023, INEC ta ce Abba, wanda a wannan karo ya tsaya a NNPP, ya sami ƙuri'u 1,019,602, yayin da Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya sami 890,705.

APC ta ƙi amincewa. A ranar 20 ga watan Satumba kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta zabtare ƙuri'u 165,663 daga na Abba, bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi da sa hannun jami'an zaɓe, ta kuma ce Gawuna ne ya ci.

Alƙalan ba su zauna a harabar kotun ba, ta hanyar intanet suka karanta hukuncin, kana 'yan sanda suka kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a jihar.

A watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan tsige Abba, tana mai cewa ba cikakken ɗan NNPP ba ne a lokacin da aka tsayar da shi.

Amma a ranar 12 ga watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukunce-hukuncen biyu. Ta mayar da ƙuri'un da aka zabtare, ta kuma ce batun zama ɗan jam'iyya al'amari ne na cikin gida, wanda ba huruminsa ba ne wata jam'iyya ta ƙalubalanta.

Yadda ta kaya a Amurka

A Amurka babu hukumar zaɓe ta ƙasa irin INEC. Jihohi da gundumomi ne ke gudanar da zaɓe, kowace da dokokinta.

Haka kuma ba yawan ƙuri'un jama'a ne ke ba da shugabanci kai tsaye ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe, jimillarsu 538, kuma wanda ya sami 270 shi ne shugaban ƙasa.

A zaɓen 2000, Al Gore na jam'iyyar Democrat ya fi George W. Bush na Republican yawan ƙuri'un jama'a da sama da 500,000. To amma makomar zaɓen ta rataya ne a kan jihar Florida mai wakilai 25, inda Bush ke gaba da ƙuri'u 537.

A can ma rigimar a kan takardar ƙuri'a ce. Wasu gundumomi na amfani da kati ne da ake hudawa, sai aka sami dubban katuna da ba su hudu sosai ba, na'ura ta kasa karanta su. 'Yan Democrat suka ce a ƙidaya su da hannu, 'yan Republican suka ce a'a.

A ranar 12 ga watan Disamba Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da sake ƙidayar, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Washegari Gore ya ce bai gamsu da hukuncin ba, amma ya karɓe shi.

A 2020 labarin ya sha bamban. Joe Biden ya sami wakilai 306, Donald Trump kuma 232, amma Trump ya ce an tafka maguɗi. Shi da magoya bayansa sun shigar da ƙararraki fiye da 60, kusan dukansu kotuna suka yi watsi da su.

A ranar 6 ga watan Janairun 2021 magoya bayansa suka kutsa cikin ginin majalisar dokoki a Washington, a daidai lokacin da ake tabbatar da sakamakon. Trump ya sake tsayawa a 2024, ya kuma yi nasara.

Inda aka sha bamban

Babban bambanci na farko shi ne lokaci. An warware rikicin Florida cikin kwanaki 35, tun kafin a rantsar da kowa.

A Kano kuwa, kwanaki 300 ne tsakanin zaɓen 2023 da hukuncin Kotun Ƙoli. Tsarin mulkin Najeriya ya ba mai ƙara kwanaki 21 ya shigar da kokensa, ya ba kotun zaɓe kwanaki 180, kana kwanaki 60 ga kowane matakin ɗaukaka ƙara.

Ma'ana, an rantsar da gwamna ranar 29 ga watan Mayu, ya yi sama da watanni 7 yana mulki ba tare da sanin makomarsa ba. A wannan tsakani manomin Kura ya shuka shinkafar damina ya girbe, har ya dasa tumatirin rani.

Bambanci na biyu shi ne jam'iyyun kansu. Democrat da Republican sun shafe fiye da shekara 150 suna karɓa-karɓar mulki. A Kano, mutane ake bi fiye da jam'iyya.

Rabi'u Musa Kwankwaso, ɗan ƙaramar hukumar Madobi mai maƙwabtaka da Kura, ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Ganduje, wanda ya zama babban abokin hamayyarsa, sau biyu yana yi masa mataimakin gwamna.

Shi ma Gwamna Abba ya fice daga NNPP a watan Janairun 2026 ya koma APC, jam'iyyar da ta yi ta shari'a da shi har gaban Kotun Ƙoli.

Wannan ba sabon abu ba ne. A jamhuriya ta biyu, jam'iyyar PRP ta rabe gida biyu, 'yan taɓo na Malam Aminu Kano da 'yan santsi na Gwamna Abubakar Rimi.

Abin da ya shafi manomi

Kura da Bunkure da Garun Malam su ne zuciyar aikin noman rani na Kadawa, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga, da aka faro gininta a zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ta gwamnatin tarayya, ita ce ke kula da sakin ruwan. Amma hanyoyin karkara, da rabon taki mai rahusa, da asibitoci da makarantu, galibi suna hannun jiha da ƙananan hukumomi.

A nan ne zafin hamayya yake, domin wanda ya ci kujerar gwamna kusan ya cinye komai. A zaɓukan ƙananan hukumomi na 2018 da 2021, APC mai mulki ce ta lashe duka kujeru 44. A watan Oktoban 2024, NNPP mai mulki ta yi haka ita ma.

Ko sarauta ba ta tsira ba. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu 4, ta sanya Kura da Bunkure a ƙarƙashin Rano. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba ta rushe su, suka koma Kano.

Bayan watanni biyu aka sake kafa masarautar Rano mai daraja ta biyu. Bunkure ta koma can, Kura kuma ta ci gaba da zama a masarautar Kano.

Su ma ƙuri'un waɗannan garuruwa suna da nauyi. Kafin mutum ya zama gwamna, baya ga rinjaye, sai ya sami kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, wato 30 daga cikin 44 na Kano.

Kotu na iya yanke hukunci, amma ba ta iya tilasta wa zuciya yarda. Rikicin 2000 a Amurka ya lafa ne saboda wanda ya faɗi ya haƙura, na 2020 kuma ya kai ga zubar da jini saboda wanda ya faɗi ya ƙi.

A Kano ma, magoya bayan Kwankwasiyya ba su daina kokawa da zaɓen Gama ba duk da hukuncin 2020, kamar yadda 'yan APC da dama ba su gamsu da na 2024 ba.

Shari'o'in biyu sun nuna cewa ƙuri'ar da manomin Bunkure ya bar gonarsa ya je ya kaɗa na iya rataya a kan hatimin da jami'in zaɓe ya buga ko ya manta, da kuma takardar sakamakon da ta isa wurin tattarawa lafiya ko aka yaga ta a hanya.