Taya a Sanyin Hunturu: Rana Ta Isa, Ba Sai Wuta Ba

A watannin Disamba da Janairu, tayar da ta kwana a waje a rumfar mai faci takan wayi gari da tauri. A sa mata liba ta ƙi lanƙwasa, a doke ta da guduma ta ƙi hawa rim, in ma ta hau bakinta ya ƙi riƙe iska. A bakin titin Garo, direban da ya ɗebo fasinjan Gwarzo zai shiga Kano yana tsaye a kan mai faci yana ta azalzala, ga wutar jin ɗumi tana ci a gefe. A nan ne ake kara tayar a wuta, ko a ɗiga fetur a cikinta a ƙyasta ashana don ta buɗe lokaci guda. Duka biyun ganganci ne, kuma sanyinmu bai kai a yi su ba.

Gaskiya ne roba tana ƙara tauri idan ta sha sanyi. Amma a Kanada da Rasha, inda ruwa ke daskarewa wata da watanni, abin da ake yi bai wuce a shigar da taya ɗaki mai ɗumi ta saki ba. Mu kuwa a ƙasar Kano da wuya sanyin asuba ya sauka ƙasa da digiri 10, ga taya baƙa ce, tana shan zafin rana da sauri. A shimfiɗa ta a hantsi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a juya ɗaya gefen, ta yi laushi ko'ina bai ɗaya. Ma'aunin shi ne tafin hannu: in ba za ka iya ɗora shi ka bari ba, zafin ya yi yawa. Wuta ba ta da wannan ma'auni. Wuri ɗaya take gasawa, galibi bakin tayar, inda aka naɗe wayar ƙarfe a cikin roba, kuma a taya marar tif nan ne iska ke tsayawa. Ɓarnar ba ta nunawa a rumfa, sai mota ta ɗau kaya ta miƙa hanya. Fetur ya fi muni, domin masu ƙera taya sun ce kada iskar zaunar da baki ta wuce 40 a geji, wanda ya ƙyasta ashana kuwa bai san nawa ya ɗura ba. Haka walda a rim alhali taya na kai: zafin kan ci gaba da cin robar daga ciki, ta yi bindiga bayan an gama aikin.

Mai faci zai ce ya shanya wata tayar har azahar ba ta saki ba. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai wannan ba laifin hunturu ba ne. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta a Nijeriya a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008, daga waje tayoyinmu ke zuwa, da yawansu na gwanjo, duk da haramcin shigo da su. Akan cusa biyu ko uku cikin ɗaya don rage kuɗin dako, su iso baki a matse. Maganin wannan a sa tif a ciki a hura kaɗan, ko a tokare bakin da guntayen katako, a bar ta a rana, sannan a shafa ruwan sabulu, ban da baƙin mai, don yana cin roba. In ta ƙi duk da haka, a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta: 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Tayar da ta doshi shekara 10 ta bushe ne, wuta kuma ba ta mayar da tsohuwa yarinya.

Masu cewa ai rana ma tana lalata roba suna da hujja, amma a kan tayar da aka jibge wata da watanni a fili, ba ta awa ɗaya ba. Abin lura ɗaya ne: tayar da aka hura da ɗuminta takan rage kusan ɗaya a geji duk saukar digiri 5 ko 6, don haka a sake auna ta washegari da safe kafin mota ta motsa.