Akwatin MIDI mai kafofi da yawa: abin da mai sutudiyon gida zai duba

Duk wanda ya tara fiyano biyu ko uku a ɗakinsa, ya ƙara da injin ganga, ba zai jima ba zai ga waya ɗaya ta yi masa kaɗan. Laifin ba na kayansa ba ne, tsufan MIDI ne. A 1983 aka fito da tsarin, bisa jagorancin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland, kuma a Janairun shekarar aka haɗa fiyano biyu, Prophet-600 da Jupiter-6, a gaban jama'a a Amurka. Har gobe wayar MIDI mai ƙusa biyar da saurin wancan zamanin take tafiya, bit 31,250 a daƙiƙa.

Ba sauti ke bi ta cikinta ba, umarni ne: danna nan, da ƙarfi kaza, saki. Umarnan kuwa layi suke bi ɗaya bayan ɗaya, kamar masu ɗiban ruwa a famfo guda. Kowace dannawa na cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan goma suka faɗo tare, ga saƙon agogon da ke daidaita kiɗa, na ƙarshe zai makara, kuma kunnen makaɗi ba ya yafe wa gangar da ta makara. Masu jera kaya ta kafar Thru, wannan ya miƙa wa wancan, duk tashoshi 16 na waya ɗaya suke rabawa.

Shi ya sa ake sayen akwati mai kafofi da yawa a haɗa shi da kwamfuta, kowace na'ura da wayarta da tashoshinta 16. MIDI Express 128 na MOTU yana da kafar shiga takwas da ta fita takwas, tashoshi 128 ke nan, daga nan sunan ya samo asali. M4U eX na ESI kafofi takwas ne, kowacce tana iya zama ta shiga ko ta fita. Wannan dabara ta burge ni, domin yawanci fiyano ɗaya mutum ke kaɗawa, sauran saurare kawai suke yi. Kafofin fita su ne abin ƙirgawa.

Amma abin da ya fi kashe akwati shi ne manhajar direba. Ƙarfen zai shekara ashirin lafiya lau, sai a sabunta Windows ko macOS, kamfani ya daina fitar da direba, ya koma kayan ado. Akwatin da kwamfuta ke ganewa da kanta, ba sai an ɗora masa komai ba, shi ya fi kwanciyar hankali, musamman ga mai sayen na hannu. Wayoyin USB zuwa MIDI masu araha marasa sunan kamfani kuwa sun yi ƙaurin suna wajen lalata dogon saƙon SysEx, wanda da shi ake adana sautukan na'ura.

Kafin ka zaro kuɗi, leƙa bayan kayanka. Ƙananan Yamaha PSR na yanzu da yawa kafar USB kaɗai gare su, kai tsaye suke shiga kwamfuta, ba ruwansu da akwati. In na'urorinka masu ƙusa biyar ba su wuce biyu ba, mai kafa huɗu ya ishe ka.