Yadda Za Mu Kalli Zanen Tawada Da Bai Yi Kama Da Komai Ba

Da yawa daga cikinmu, in aka nuna mana takarda mai baƙaƙen layuka da ɗigo-ɗigon tawada, sai mu ce, "Ai ko ƙanena zai iya wannan." Mun saba auna zane da kamanni: in doki ne, ya fito doki sak. Shi ya sa wasu ɗalibai ke watsar da darasin zane tun a ƙaramar sakandare, suna ganin ba su da hannu.

A birnin New York na Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu masu zane sun bi wata hanya dabam. Sun daina kwaikwayon abin da ido ke gani, suka bar motsin hannu ya bayyana abin da ke ransu. Franz Kline, wanda ya rasu a 1962, yakan gwada zanensa da tawada a shafukan littafin lambobin tarho, sannan ya zaɓi wanda ya yi masa, ya faɗaɗa shi da baƙin fenti da fari. Shi kuwa Robert Motherwell, a 1965 ya sayi takardun Japan guda 1,000 da niyyar ba zai gyara ko ɗaya ba. Ya zana kusan 600, sai abokinsa David Smith ya rasu a haɗarin mota, aikin ya tsaya nan.

To, me za mu duba? Tawada ba ta goguwa a takarda kamar fensir, don haka duk abin da hannu ya yi yana nan. Mu nemi inda buroshi ya fara sauka, nan ta fi duhu. Mu bi layin har inda ya bushe ya yi zare-zare: gudu hannu ya yi, ko tawadar ce ta ƙare. Inda ta bazu kuwa, takardar ce ta tsotse ta. Sannan mu dubi farin da aka bari. Baƙin ya danne shi, ko ya bar masa fili?

Mu gwada da kanmu. Mu samo takardu goma, da tawada ko da ta allo ce, mu ba kowace takarda minti ɗaya, ban da gyara. Gobe mu shimfiɗa su, mu zaɓi guda, mu faɗa wa abokin zamanmu dalili. Zaɓen nan da kare shi ya fi zanen wuya, kuma nan ne ƙanen namu zai cije.